Tsutsar Ciki da 'Yan Kwikwiyon Kawuna

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Littafin rubutu biyu na saya saboda shi. Na farkon jikokina suka ƙarasa da aikin makaranta, don shafi ɗaya kawai na iya cikawa, shi ma na yage. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in yi kuskure a gaban masu ilimi. Abin da ya fi wannan nauyi kuma shi ne abin da mutane za su ce idan suka ji dattijo musulmi mai furfura ya zauna yana rubutu a kan kare. Ni mutum ne mai waswasi tun ina yaro. Idan na kulle ƙofa sai na koma na taɓa ta, idan na yi alwala sai na yi shakkar ko na wanke kunne. Amma akwai alkawarin da na ɗauka wa wani tsoho, har yau ban san ko na cika shi ba, kuma ni ma yanzu na tsufa.

Abin ya faru ne a daminar da ta biyo bayan yanke mana jiha daga Sakkwato. Ina zaune a ƙauyenmu na bakin ruwa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a ƙafa zuwa Wara, ni da iyalina da Inna. Dawa nake nomawa da ɗan gyaɗa.

Inna tana da yaya namiji, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kawun da nake magana. Ita ta musulunta lokacin da ta auri babana, shi kuwa ya tsaya a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi. Hakan bai taɓa hana zumunci ba. Da salla yakan aiko mana da zakara, da ransa, don ya san mu za mu yanka da kanmu. Lokacin da ruwan dam ya ci tsohon garinsu aka gina musu sababbin gidaje, kawu ya kwana uku a ciki ya ce rufin yana dafa mutum da ransa. Ya kwashi matarsa ya hau tudu can wajen duwatsu a ƙasar Ngaski, ya sari daji ya zauna.

Ranar da suka bar tsohon gari, jirgin da ya kwaso su ya cika. Aka ce sai ya zaɓa tsakanin turmi da karyarsa. Ya bar turmin. Inna ta ce matarsa ta yi wata guda ba ta dafa masa abin kirki ba. Daga wannan karya duk karnukansa suka fito, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, jajaye masu farin ƙirji. Suna da wata alama: kare yana da farce huɗu a ƙafar baya, su kuwa da yawansu suna da na biyar, ɗan ƙarami, a sama kaɗan ta ciki. Su ne ke kore masa birai daga dawa. A wurin kawu su ne kaɗai abin da ya rage mai numfashi daga garin da ke ƙarƙashin ruwa, ban da shi da Inna.

A waccan daminar maciji ya sari karyarsa ta ƙarshe a gona, ta mutu ta bar 'ya'ya uku da ba su daɗe da fara tafiya ba, maza biyu da mace ɗaya. Matar kawu ta riga ta rasu, 'ya'yansa sun watsu neman abinci, yanar ido kuma ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa. Ya zuba su a kwando ya hau motar kasuwa ya kawo mini. Ya ce a bakin ruwa akwai kifi, shi a tudu ba shi da abin ba su sai ƙanzo. In riƙe masa su har dawa ta fara nuna. Ya ɗaga macen, wadda ta fi su ƙanƙanta, ya ce duk abin da zai faru in kula da wannan, don a cikinta irin yake.

Na ce to, domin ba a ce wa kawu a'a. Amma yana fita waswasina ya tashi. Ban taɓa taɓa kare ba tun da nake. Na yi musu ɗan shinge da zana a bayan rumbu, nesa da randa da wurin alwala. Na ɗauko tsohuwar gorar tuƙa jirgi da wani maƙwabci ya yar, na ɗaure ludayin duma a bakinta. Da ita nake miƙa musu abinci ta saman zana, ina tsaye can baya, ko numfashinsu bai iso ni ba. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har na nuna wa mutane biyu.

Abincin kuwa ba wahala. Matan da ke bandar kifi a bakin ruwa kullum suna zubar da kayan cikin kifi, kuma kowa ya san shi karnukan bakin ruwa ke ci. Ana ma cewa ɗanyen ne ke sa kare zafin nama. Da safe in je in kwaso a tsohon gwangwani, in haɗa da jiƙaƙƙen ƙanzo, in zuba musu a ƙasa. Kullum wuri ɗaya nake zubawa, inda gorar ke kaiwa, kuma nan suke kashi.

Ba a yi mako biyu ba cikinsu ya taso kamar an kife ƙwarya. Na yi murna. Na aika wa kawu saƙo ta bakin wani mai sayar da doya cewa ya kwantar da hankalinsa, 'ya'yansa sun yi ƙiba har da ƙyar suke tafiya. Inna ta leƙa ta ce gashinsu bai yi mata ba, ya miƙe tsaye kamar na akuya mai ciwo. Na ce sanyin damina ne. Ni da ke shakkar komai, a wannan karo ban yi shakka ba, saboda daga inda nake tsayawa cikin kawai nake gani.

Wata safiya na miƙa ludayi, biyu suka taso, babban namijin bai tashi ba. Shi ne ya fi su ciki, shi nake alfahari da shi. Na kwashe shi da shebur na binne a bayan gona. Yini guda na kasa cin abinci. Na yi tunanin kunama, na yi tunanin kambun baka, har na zargi mutanen nan biyu da na nuna wa gorata. Na shirya maganar da zan aika wa kawu ya fi sau goma a zuciyata, ban aika ba.

Bayan kwana uku sai ga shi da kansa, ranar kasuwar Wara, yana dogara sanda. Ya ce saƙon ƙiba ne ya kawo shi, yana so ya ji da hannunsa. A tsakar gida na faɗa masa ɗaya ya mutu. Ya ce in kai shi wurin sauran.

Ya ture zanar ya tsuguna, ya lalubo macen ya ɗora a cinya. Ya bi bayanta da yatsa tun daga wuya har wutsiya, ya tsaya a haƙarƙari, ya danna cikin a hankali. Sannan ya ɗaga mata leɓe da babban yatsa ya juyo da ita wajena.

"Idona ba ya gani. Matso ka faɗa mini, dasashin ga ja ne ko fari?"

Na matsa, kusancin da ban taɓa yi ba. Fari ne fat, kamar cikin sabuwar ƙwarya. Daga nan na ga ƙasusuwan bayanta a jere kamar carbi, ƙafafun kamar tsinke. Na faɗa masa. Ya tambaye ni yaushe rabona da in ɗauke su, na ce ban taɓa ba. Ya ce to da mi nake ba su abinci? Inna ce ta ɗauko gorar ta sa masa a hannu. Ya shafa ta tun daga gindi, yana ja yana ja, har ya iso ludayin. Na jira faɗa. Sai ya fashe da dariya har tari ya kama shi.

"Ƙanwata, ashe mai kiwon kada kika haifa."

Inna ta ce ai gara nata, ɗan wani ma turmi ya bari a ruwa. Suka yi ta yi wa juna kamar yara, ni kuwa ina tsaye kunya ta rufe ni. Da ya huta ya ce mini, a hankali, cikin nan ba ƙoshi ba ne, tsutsa ce. Duk abin da nake zubawa ita ke ci. Ya ce akwai sassaƙen da yake jiƙa wa manyan karnuka, amma ɗacinsa zai kashe waɗannan kafin ya kashe tsutsar. Shi da kansa ya ce mu tafi wurin malamin dabbobi da ke zuwa kasuwa saboda awaki da tumaki.

Na ɗauki kwandon a ka, bayan na shimfiɗa buhu biyu a kan hulata. Malamin yana zaune a gindin wata bishiya kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, da akwatin ƙarfe ɗaure a bayan babur. Masu jiran a duba musu awaki suka leƙa kwando suka fara dariya, wani ya tambaya ko na layya ne muke kiwo tun yanzu. Shi malamin bai yi dariya ba. Ya duba dasashi, ya ja fatar ido, ya tambayi abin da suke ci. Ya ce yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ake haihuwarsu, daga uwa suke samu, don haka kada in ɗora wa kaina duka. Amma ɗanyen kayan cikin kifi da cin abinci a inda suke kashi sun ƙara wa wuta itace. Na riƙe rabin maganar na biyu, na farkon ya wuce ta bayan kunnena.

Ya ce namijin zai tashi. Macen kuwa bai yi mana alkawari ba. Ya fito da kwalba mai farin ruwa, amma ya ce ba zai ba su ba sai ya san nauyinsu, domin maganin tsutsa ba a auna shi da ido: in ya yi kaɗan bai yi komai ba, in ya yi yawa ga mai rauni irin wannan sai binnewa. Shi kuma ba shi da sikeli.

Sikelin da ke kusa na wani mai sayen kifi ne, irin mai ƙugiya da ake ratayewa. Da ya ji abin da muke so ya ce a'a, abincin mutane yake aunawa. Kawu ya ce masa ai ƙugiyar kwando za ta taɓa, kwando ne zai taɓa kare, kuma shi ya san tarwaɗar da ake ratayewa a nan ba a masallaci take kwana ba. Mutumin ya yi dariya ya yarda, bisa sharaɗin a wanke. Muka auna kwando shi kaɗai, muka auna da namijin, muka auna da macen. Da aka sa ta, allurar sikelin da ƙyar ta gusa daga inda kwando ya tsaya. Bayan mun gama na samo ruwa da ƙasa na hau wankin ƙugiya. Ina kan wanki na biyar mai sikelin ya fizge kayansa ya ce ya isa, zan sa masa tsatsa.

Malamin ya zuƙi maganin a sirinji marar allura, ya riƙe namijin, ya sa bakin sirinjin ta gefen baki ya matsa kaɗan-kaɗan har ya haɗiye. Sannan ya zuƙi na macen, ɗan mitsitsi, ya miƙo mini. Na ce ya taimaka ya ba ta. Ya ce bayan kwana goma sha huɗu sai an sake, domin maganin manyan tsutsa yake kashewa, ƙananan da ba su iso hanji ba suna nan tafe, kuma ranar shi yana wata kasuwa. Kawu ba ya ganin zanen sirinji. Saura wa?

Na tsuguna a tsakiyar kasuwa, mutane suna kallo. Na sa hannu na ɗauke ta. Abin da na fara ji shi ne ɗumi, sannan rashin nauyi, kamar na ɗauki sheƙar tsuntsu. Zuciyarta tana bugawa a tafina da sauri irin na ɗan tsako. Malamin ya riƙe mini gwiwar hannu, na matsa mata maganin. Ta haɗiye, ta yamutsa fuska, sai ta juyo ta lashi wuyan hannuna sau biyu. Ban yar da ita ba. Har yau ina mamakin hakan.

Kafin mu tashi malamin ya ba ni sirinjin da ragowar maganin, ya jero mini abubuwa, na sa ya maimaita sau uku. In canja musu wuri. In riƙa kwashe kashin ina binnewa da zurfi, in wanke hannu da sabulu, kada yara su yi wasa a wurin. Ɗanyen abu kuma an gama da shi. In fara da kunu tsararo, kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini, duk abin da zan ƙara in ƙara a hankali. Kawu ya hau motar yamma ya koma tudu, ya ce sai dawa ta nuna.

Washegari bayan sallar asuba na tsaya har kowa ya watse, na matsa kusa da limanmu na faɗa masa abin da ya faru, da yawan wankin da na yi, da shakkar da nake ko sallolin jiya sun yi. Dattijo ne da ya san halina tun ina zuwa masa da tambayar ko tusa ce ko kukan ciki. Ya ce a abin da shi ya karanta, ƙwaryar da kare ya sa baki ake wankewa sau bakwai, hannun mutum kuwa ya wanke ya yi sallarsa. Kare na tsaron gona kuma an yarda a riƙe. Ya ƙara da cewa abin da ya kamata ya hana ni barci shi ne dabbar da aka ba ni amana ta ji yunwa a gidana, ba yawunta ba. Na tambaye shi rigar fa? Ya ce in tashi in ba shi wuri.

A ranar tsutsar ta fara fita. Dogaye ne farare kamar taliya, wasu suna motsi. Na yi ta kwasa ina binnewa har rana ta yi tsaka, ina mamakin inda suka samu wurin zama a ɗan cikin nan. Zuwa kwana biyu cikin ya sace. A lokacin ne na ga ainihin abin da ya rage na macen. Fata ce a kan ƙashi, da kai babba, da idanu. Namijin ya fara shan kunu yana kaɗa wutsiya, ita kuwa ta lasa sau uku ta kwanta.

A nan na yi kuskure na biyu, kuma tausayi ne ya sa ni. Na ce wannan baiwar Allah ta yi makonni tana ci wa tsutsa, yau sai ta ci wa kanta. Na tare wata Bafulatana na sayi kindirmo da man shanu, na sa aka dafa kan tarwaɗa mai kitse, na haɗa duka. Na ba ta a tafin hannuna. Ta cinye tas har tana lasar tsakanin yatsuna, ni kuwa daɗi ya cika ni. Kafin la'asar ta amayar da rabi, sauran ya biyo ta baya kamar ruwa. Ta kwanta a gefe, idanu a lumshe, numfashi sama-sama.

Na zauna a ƙasa kusa da ita na rasa abin yi. Inna ta zo ta tsaya a kaina, ta dubi ƙwaryar da na haɗa abincin, ta shinshina.

"Kai dai ba ka da tsakiya. Jiya da gora, yau da man shanu. Wa ya faɗa maka mai tashi daga jinya da tuwon biki ake tarbarsa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tafasa ruwa ta bari ya huce, ta sa ɗan gishiri a bakin yatsa, ta ce wannan kaɗai zan ba ta har gobe, da cokali, kaɗan-kaɗan. Ta ce haka ta yi mini lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da ni. Ita ba ta taɓa karyar ba, amma daga ranar ita ke dama kunun, a wata 'yar tukunya da ta ware, kuma ba ta yarda matata ta dama ba, wai hannunta yana da kauri.

Kwana biyu kunun dawa ne tsararo, ba komai a ciki. Rana ta uku Inna ta daka ƙananan busassun kifin nan da muke cewa warangi har suka zama gari, ta ɗibi abin da yatsa uku suka kama ta zuba a kunun yana kan wuta, ya dahu tare. Muka tsaya a haka kwana biyu, sannan ta ƙara kaɗan. Ƙa'idarta ita ce ba a ƙara komai sai an ga abin da ya fito jiya. Ni ke da wannan aiki. Kullum da safe in je in duba in dawo in ba ta labari dalla-dalla, launi da tauri, har wata rana ta ajiye ludayin kokonta ta ce don Allah in riƙa bari ta gama karin kumallo.

Kwana goma sha huɗun nan na ƙirga su da ƙulli a igiya. Ban yarda da igiyar ba, na ƙara da zane a bangon rumbu da gawayi. Ranar da suka cika, igiya da bango suka yi daidai, amma duk da haka na tambayi Inna kasuwa nawa aka ci. Na zuƙi maganin zuwa zanen da malamin ya karce mini da reza, na mayar, na sake zuƙa, sau uku. Na ba su ni kaɗai. Wannan karon tsutsar da ta fita kaɗan ce, ƙanana.

Daga nan kunun ya yi kauri. Muka koma tuwo mai laushi da dafaffen kifi da nake zare wa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci da dafaffiyar kabewa, ran da zabi suka yi kirki da rabin dafaffen ƙwai. Matan banda suka tambaye ni ko karnukan sun mutu, tunda na daina zuwa da gwangwani. Da na ce dafa musu ake yi, suka ce to saura a saya musu zane. Kowace safiya ina ɗaga leɓenta da babban yatsa, yadda na ga kawu ya yi. Farin ya koma ruwan hoda, ruwan hoda ya koma ja. Gashin ya kwanta. Wata rana Inna tana daka, ƙaramar ta tsaya da ƙafafu a buɗe ta yi wa turmi haushi, siririyar murya kamar ta kaza. Inna ta ce jinin gidan yayanta ne, har yanzu ba su shirya da turmi ba.

Kawu ya dawo lokacin da dawa ta sunkuya, birai suka fara saukowa daga dutse. Ya zauna a kan kujerar Inna na kawo masa su. Ya shafa namijin ya ce madalla. Ya ɗauki macen ya bi bayanta da yatsa, bai tarar da carbin nan ba. Ya danna ciki, ya ja fatar wuya ya saki. Sannan ya lalubi ƙafafun baya ya ƙirga, ya tsaya a kan na biyar ya daɗe yana murza shi. Bai tambaye ni launin dasashi ba.

Da ya tashi tafiya ya sa namijin a kwando. Ya miƙa hannu wajen macen, ita kuwa ta zame ta shige tsakanin ƙafafuna. Ya kira ta da irin kiran da suke yi a gidansu, ta ƙi. Ya tambayi Inna ina take, Inna ta faɗa masa.

"To, ta zaɓa. A tafinka ta ci, ɗana. Riƙe ta. Abu ɗaya na roƙe ka, kada irin ga ya ƙare a hannunka."

Na ce in Allah ya yarda.

Kawu ya rasu bayan damina biyu. Namijin ya zauna a kan kabarinsa kwanaki, daga baya maƙwabta suka ce ya shiga daji bai dawo ba. Macen ta zauna a bukkar gonata fiye da shekara goma, kuma a tsawon wannan lokaci biri bai karya mini kan dawa ba sai wanda ba ta gani ba. Ta haihu sau uku. Kowane ɗan kwikwiyo da hannuna na ba shi magani, da kunun warangi na yaye shi, ba wanda tsutsa ta kashe. Amma mata biyu kaɗai suka zo da farce na biyar. Ɗaya mota ta take ta a hanyar Wara tun ba ta haihu ba. Ɗayar na ba wani masunci da ke saukowa wajenmu kamun kifi idan ruwa ya ja baya, mutumin kirki, wanda ya ce daga wajen Shanga yake. A lokacin uwar tana da ƙarfi, na ɗauka za ta sake haihuwa. Ba ta sake ba.

Ranar da na ba shi, na tsare shi a bakin jirgi na yi masa bayanin kwana goma sha huɗu, da dasashi, da ɗanyen kayan ciki, da man shanu, na ba shi sirinjina, na sa ya maimaita har ya ce ruwa na wucewa. Duk wannan na tuna. Sunan ƙauyensu ne kawai ban tambaya ba. Bai sake saukowa ba tun daga shekarar.

Shi ne dalilin wannan rubutu. Ina roƙon duk wanda ya karanta, ko aka karanta masa, musamman mutanen Shanga da ƙauyukan bakin ruwa har zuwa Yelwa, idan ya ga jan kare mai farin ƙirji ya dubi ƙafafunsa na baya, ta ciki, sama kaɗan da sauran farata. Ba sai ya taɓa ba, ana gani daga tsaye idan an matsa. In akwai na biyar, ya tambayi mai shi inda ya samo uwar, ko kakar. Ba karɓa nake so in yi ba, so nake in sani kawai. A bar mini sallahu wurin matan banda ranar kasuwar Wara, a ce a faɗa wa tsohon nan da ke dafa wa kare abinci. Sun san ni.